Maryamu Ta Yi Gaggawa: Kira Domin Ran Uwa da na Jariri

Wa'azin Idin Ziyarar Maryamu ga Alisabatu, domin karantawa a dukan majami'un dayosis



A ranar 31 ga watan Mayu ne Eklesiya take rufe watan Uwarmu Maryamu da idin ziyarar da ta kai wa 'yar'uwarta Alisabatu. Labarin yana cikin babi na farko na Bishara ta hannun Luka, kuma da yawa daga cikinmu sun san shi tun suna ajin katekisim. Mala'ika Jibra'ilu ya sanar da Maryamu cewa Alisabatu, wadda ta manyanta ba ta taɓa haihuwa ba, tana ɗauke da cikin wata shida. Da jin haka Maryamu ba ta tsaya sai an aiko mata ba. Ita ma da nata ƙaramin cikin, ta bar Nazarat ta nufi ƙasar tuddai ta Yahudiya, tafiyar kwanaki, ta zauna a gidan Zakariya wajen wata uku. In muka haɗa wata shida da wata uku, za mu gane lokacin da Maryamu ta zaɓa: watannin nauyi ne, sa'ad da mai ciki ba ta iya sunkuyawa ta ɗebi ruwa ko ta hura wuta, har zuwa dab da sauka.

Mun saba duk shekara mu tsaya a kan gaisuwar Alisabatu da waƙar yabon Maryamu, kuma daidai ne. Amma bana muna so mu dubi abin da ya riga gaisuwa da waƙa, wato tashin da Maryamu ta yi da hanzari. Akwai mace mai ciki da take bukatar taimako, aka kuma sami wadda ta zo a kan lokaci. Wannan ne abin da mata da yawa a ƙauyukanmu suke rasawa, kuma rashinsa ne yake kai su kabari.

Gidan barka ya zama gidan makoki

Kaɗan ne cikin firistocinmu da masu koyar da katekisim waɗanda ba su taɓa tsayawa a bakin kabarin matar da ta rasu wajen haihuwa ba. Gidan da aka tanadi hatsin kunun jego da itacen wanka, sai ga shi ana shimfiɗa tabarmin makoki. Jariri yana hannun kaka ana neman wadda za ta shayar da shi, yayyensa suna raɓe a bakin ɗaki ba su gane abin da ya faru ba. Abin ya zama jiki har mukan ce mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2025 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kusan 260,000 suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa. Daga cikinsu kimanin 75,000 'yan Najeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. In aka raba wannan a kan kwanakin shekara, mata sama da 200 ke nan kowace rana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara 5, sa'an nan a shiyyar Arewa maso Yamma matan da suke haihuwa a asibiti ba su kai 2 cikin 10 ba. Wannan mutuwa ba ta tambayar ko mace majami'a take zuwa ko masallaci. Takan shiga gidanmu, ta fita ta shiga na maƙwabcinmu.

Kada mu ɗora wa Allah laifin sakacinmu

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana irin wannan baƙin ciki ba. A babi na 35 na Littafin Farawa mun karanta yadda naƙuda ta kama Rahila matar Yakubu suna kan hanya, sauran tafiya kaɗan su kai Efrata. Naƙudar ta yi tsanani, ungozoma tana ƙarfafa ta, yaron ya fito da rai, uwar kuwa ta cika. Da sauran numfashinta ta raɗa masa suna mai ma'anar ɗan baƙin cikinta, mahaifinsa ya sauya masa zuwa Biliyaminu. A bakin hanya aka binne ta. Shekaru dubbai sun wuce, amma har yau ana binne Rahila a ƙasarmu: wata ta cika a kan babur, wata a amalanke, wata a ƙofar asibiti. Sai dai a zamanin Yakubu babu allurar tsayar da jini, babu ƙarin jini, babu tiyata. Yakubu ya yi kuka a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Mu kuwa sau da yawa muna kuka ne a kan abin da muke da ikon hanawa.

In an yi irin wannan rashi mukan ce haka Allah ya so, kwananta ne ya ƙare. Gaskiya ne rai na Allah ne, kuma kalmar haƙuri tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Ba za mu hana kowa faɗinta a gidan makoki ba. Amma in an tashi daga makoki, wajibi ne mu tambayi kanmu ko mun sauke abin da ya rataya a wuyanmu. A farkon kowace Misa mukan furta cewa mun yi zunubi ta wurin abin da muka aikata da kuma abin da muka bari ba mu aikata ba. Doka ta biyar da ta hana kisan kai ta ɗora mana nauyin kiyaye rai. Eklesiya tana koyar da cewa ran mutum abu ne mai tsarki tun daga ranar da aka ɗauki cikinsa, kuma wanda ya gaskata da haka ba zai kāre ɗan da ke ciki ya manta da uwar da ke ɗauke da shi ba. Littafin Sirak, a babi na 38, ya umarce mu mu girmama likita domin Allah ne ya ba shi saninsa, shi ne kuma ya fitar da magunguna daga ƙasa. Ya koya wa mai ciwo ya yi addu'a, ya kuma ba likita wuri. Kakanninmu ma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Jinkiri uku

Abubuwan da suke kashe mata wajen haihuwa sanannu ne, kuma ba su da yawa. Na gaba shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda yake iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa 2. Sai jijjiga, wadda hawan jini na lokacin ciki yake kawowa. Sai doguwar naƙuda, inda kan yaro ya fi ƙarfin ƙugun uwa ko kwanciyarsa ba daidai ba. Sai zazzaɓin jego da ƙwayoyin cuta suke haddasawa in an karɓi haihuwa da hannu ko kaya marasa tsabta. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro kuwa suna raunana mace tun tana da ciki, har ta kasa jure abin da wata za ta jure. Kowanne daga cikin waɗannan yana da magani, kuma yawancin magungunan ba su da tsada. Abin da yake kisa shi ne lokacin da yake wucewa kafin magani ya isa ga mai bukata. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa wannan ɓata lokaci kashi uku, kuma har yau ma'aikatan lafiya suna aiki da wannan rabo.

Jinkiri na farko a cikin gida yake. Naƙuda ta fara tun magariba, amma yarinya tana jin kunyar ɗan fari, ta ƙi ko da tari. Ko tsofaffi su ce a ƙara jira, ai su ma a ɗaki suka haifi goma. Ko maigida ya tafi cin rani, babu mai ba da izinin fita, babu wanda ya san inda kuɗi suke. Ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, wani wurin har a yi yankan gishiri, rana ta fito ta faɗi. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a sauka ba ta zama ta asibiti. Wadda ta kwana biyu kuwa, in ba ta kashe uwa ba, takan kashe ɗa ta bar uwa da yoyon fitsari. Cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina ta shekara da shekaru tana yi wa irin waɗannan mata aiki, kuma da yawa suna warkewa, amma rigakafi ya fi magani.

Akwai wani jinkiri da ya shafe mu musamman mu Kirista, kuma dole mu faɗe shi a fili. Wasu masu wa'azi suna gaya wa mata cewa mai bangaskiya za ta haihu kamar matan Ibraniyawa, ba likita ba wuƙa, har a kwantar da mai naƙuda a gidan addu'a ana azumi a kanta, ana cewa tiyata alamar raunin bangaskiya ce. Wannan karkatar da Nassi ne. Zancen matan Ibraniyawa yana babi na farko na Littafin Fitowa, kuma amsa ce da ungozomomi biyu, Shifra da Fuwa, suka ba Fir'auna sa'ad da ya tuhume su da ƙin kashe jarirai maza. Allah bai yi wa kowa alkawarin haihuwa ba tare da taimako ba a wannan wuri. Abin da Nassi ya nuna shi ne ya sa wa ungozomomin albarka domin sun ceci rai. Ashe labarin da ake hana mace zuwa wurin ungozoma da shi, labarin yabon ungozoma ne. Matar da aka yi wa tiyata aka ciro ɗa ta haihu cikakkiyar haihuwa, kuma da ita da wadda ta sauka da kanta godiya ɗaya za su kawo gaban bagade.

Jinkiri na biyu a kan hanya yake. An yanke shawarar tafiya, amma dare ya yi, babu mota a garin, mai babur yana tsoron 'yan bindiga, ko rafi ya kawo ya raba ƙauye da titi. Ga damina tana shigowa, kuma kowa ya san hanyoyin da za su yanke daga Yuli zuwa Satumba. Jinkiri na uku kuwa a asibiti yake: an iso, amma ungozoma ɗaya ce kuma ta tashi aiki, babu wuta, babu jini a ajiye, ko an ce sai an biya kafin a taɓa mara lafiya. Na farko da na biyu yawancinsu suna hannunmu. Na ukun yana hannun hukuma da ma'aikata, amma mu ne masu zaɓen hukuma, kuma 'ya'yanmu ne ma'aikatan.

Darasi daga maƙwabta

Wani zai ce duk wannan talauci ne ya jawo, talaka kuwa ba shi da yadda zai yi. Talauci gaskiya ne, amma mu ɗaga ido mu dubi maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda harshe da kasuwa da auratayya suka haɗa mu da su. Nijar tana cikin ƙasashe mafiya ƙarancin kuɗin shiga a duniya, arzikinta bai kai na Najeriya ba. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a can, 226 suna mutuwa kafin shekara 5. Zuwa 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Da ƙananan abubuwa suka kai ga haka. Daga shekarar 2000 suka bi ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000, suka horar da ma'aikatan da za su iya gane zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari su ba da magani nan take. Suka raba gidajen sauro, suka bi yara da rigakafin ƙyanda da bitamin A, suka buɗe wuraren jinyar tamowa. A 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ɗauke kuɗin awon ciki da na jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Abu biyu kuma sun cancanci mu yi koyi da su. A 2008, a jihar Damagaram, aka fara abin da ake kira makarantar mazaje. Magidanta masu mutunci a gari sukan zauna a kai a kai tare da ma'aikacin lafiya, su tattauna abin da yake hana matan garinsu zuwa awo, sa'an nan su bi sauran maza suna jawo hankalinsu. An gane cewa in ba a shawo kan maigida ba, nasihar da aka yi wa mace a asibiti a bakin zaure take tsayawa. Na biyu, ƙasar ta ɗauki tsari guda na yaƙi da zubar jini a wuraren haihuwarta: a ba da ƙwayar magani mai matse mahaifa, in jini bai tsaya ba a sa ɗan balan-balan a cikin mahaifa ya danne jijiyoyin, in ya zuba da yawa a ɗaure mace da wata riga mai matsewa da take mai da jini wajen zuciya da ƙwaƙwalwa har a kai ta babban asibiti. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi.

Nijar ba ta gama da matsalar ba. Mata da yara masu yawa suna mutuwa a can, kuma tsarin kyautar ya sha wahala domin gwamnati ta yi ta jinkirin biyan asibitoci abin da suka kashe, har magani ya riƙa yankewa. Wannan ma darasi ne: abin da aka ce kyauta ne akwai mai biyansa, in bai biya ba kyautar ta zama ta baki. A gida kuma muna da namu abin koyi. Gwajin da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano take cikin jagororinsa, ya nuna a 2023 cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin wadda ta haihu domin a ga yawan jinin da ya zuba, tare da ba da magunguna a haɗe nan da nan, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Leda ce, da ido, da hanzari.

Jariri da ƙaramin yaro

Ran jariri a ɗaure yake da na uwarsa, kuma ranar farko da makon farko su ne mafi haɗari a gare shi. Da zarar ya faɗo a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su, a jinkirta wanka zuwa washegari. Bakwaini ma yakan rayu in aka goya shi a ƙirji haka dare da rana. A sa jariri a nono cikin awa ta farko. Dakashin da wasu suke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. Wata 6 na farko nono kaɗai ya isa, ko ruwa ba a ƙarawa, domin a cikin nono akwai ruwan da yake bukata ko da bazara ce. Cibiya kuma kada a sa mata toka ko man goge baki ko a gasa ta da tsumma. Akwai man da ake bayarwa a asibiti domin ta.

A kai yaro rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, da wata 15. Mun ga amfanin rigakafi da idonmu, domin a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, bayan Najeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta rabu da ita. In damina ta kama, ku buɗe ƙofa ga masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a ba yaro har kwana 3 kowane wata. Mai ciki da ƙaramin yaro su kwana cikin gidan sauro. Yaro mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, kada a janye masa nono.

Ita ma mai jego tana bukatar kula. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon wuta, da yawan kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da yake kama masu jego. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa, a ƙara wake da ganye da ƙwai. A kuma bar uwa ta huta wajen shekara 2 kafin wani ciki. Iyayenmu sun san haka shi ya sa suke ƙin kwanika, Eklesiya kuma tana koya wa ma'aurata hanyoyin halitta na ba da tazara cikin yardar juna.

Gādon da muka tarar

Wannan aiki ba baƙo ba ne a gidanmu. A 1936 fadar Paparoma ta ba sistoci izinin koyon aikin likita da na ungozoma, saboda yawan mutuwar mata da jarirai a ƙasashen mishan. Shekara guda bayan haka, a 1937, wata 'yar Ayalan mai suna Mary Martin ta yi alkawarinta na sista tana kwance a gadon asibiti a Fatakwal, kuma daga nan ƙungiyar sistoci masu aikin jinya ta Medical Missionaries of Mary ta samo asali, da kula da uwa da ɗa a kan gaba. Asibitin Katolika da ke Kakuri a Kaduna yana ɗauke da sunan Waliyi Gerard Majella, wanda mata masu ciki suke neman addu'arsa. Waɗanda suka riga mu sun gina ɗakin haihuwa kusa da majami'a domin sun san aikin ɗaya ne. Abin kunya ne gādon ya lalace a hannunmu.

Abin da muke roƙo

Ku magidanta, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana ƙarami ku raka matanku awo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce a je sau 8, na farko cikin wata 3 na fari. Ku ware kuɗi, ko buhun hatsi ko akuya, da sunan ranar haihuwa. Ku san asibitin da za a je da wanda zai kai ta. In tafiya ta kama ku, ku bar izini a fili gaban shaidu cewa duk sa'ad da abu ya taso a tafi ba sai an neme ku ba. In hanyar garinku tana yankewa da damina, ku kai ta gidan dangi kusa da asibiti tun wata na tara. Ku dubi Yusufu, wanda ya tashi da dare ya ɗauki yaro da uwarsa domin ya tsirar da su.

Ku iyaye mata da surukai, maganarku ce ake ji a ɗakin naƙuda. Ku riƙe waɗannan alamu: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya ba naƙuda, yaro ya daina motsi, hannu ko cibiya ya riga fitowa, mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba. In kun ga ɗaya daga ciki, ku ne za ku fara cewa a tashi. Ku kuma bar 'yan mata a makaranta har jikinsu ya nuna kafin a yi musu aure.

Ku Zumuntar Mata Katolika, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Muna roƙon kowane reshe ya san masu ciki na unguwarsa, na majami'a da waɗanda ba na majami'a ba, ya sa wa kowace wadda za ta riƙa leƙa ta har ta yi arba'in. Wannan ita ce ziyarar Maryamu a zamaninmu.

Ku kwamitocin majami'u da Zumuntar Maza, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku buɗe asusun gaggawa da za a iya ranta daga ciki ko da tsakar dare, a biya bayan kaka. Ku rubuta sunayen masu mota da masu babur da suka yarda a tashe su, ku yi magana da shugabannin tasha, domin a jihohi da dama na Arewa ƙungiyar direbobi ta riga ta saba ɗaukar masu naƙuda. Ku yi haka tare da mai gari da limamin masallaci, gama hanyar ɗaya ce, rafin ma ɗaya ne. Ku matasa, ku je a gwada rukunin jininku, ku zama a shirye. Jikin mai lafiya yakan mayar da abin da ya bayar, kuma mu da muka tsira ta wurin jinin Kristi bai kamata mu yi rowar leda guda ba.

Ku likitoci da nas-nas da ungozomomi, mun san kuna aiki cikin ƙarancin kaya da ƙarancin hannu, kuma muna yi muku godiya. Amma ku sani tsawa ɗaya a ɗakin haihuwa takan hana mata goma dawowa. A babi na 5 na Bishara ta hannun Markus, Yesu yana hanyar zuwa wurin yarinya mai shekara 12 da ke bakin mutuwa, ya tsaya domin macen da ta shekara 12 tana zubar jini, ya kira ta 'yarsa. Ku yi koyi da shi, kuma a asibitocin dayosis kada a tambayi mai zubar jini kuɗi kafin a taɓa ta.

Ku masu mulki, muna tuna muku alkawaranku. A Abuja ne a 2001 shugabannin Afirka suka amince su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Muna so mu ga waɗannan a ƙauye: ungozoma mai kwana a wurin aiki, wuta, ruwa, jini da magani. Mu kuma jama'a mu shiga kwamitocin lafiya na mazaɓunmu mu riƙa tambaya.

'Yan'uwa, sa'ad da Alisabatu ta sauka lafiya, maƙwabta da dangi suka taru suka taya ta murna. Wannan murna ce muke nema wa kowane gida. Kafin mu sake taruwa a wannan idi baɗi, bari kowace majami'a ta iya faɗin matan da suka haihu a cikinta, da abin da ta yi domin su.

Ya Allah Uba, mai ba da rai, ka sauki masu ciki lafiya, ka raya jariranmu, ka ƙarfafa hannun masu jinya, ka ji ƙan iyayenmu mata da suka rasu wajen haihuwa, ka ta'azantar da marayunsu. Ka ba mu zuciya irin ta Maryamu, mai tashi a kan lokaci. Waliyiya Alisabatu da Waliyi Gerard, ku yi addu'a dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko a kanku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.